adduser ya burge ni, usermod kuwa sai da lura

Kusan shekara guda ke nan ina riƙe da wata 'yar saba mai Debian, wani nau'in manhajar Linux. Mu 9 muke aiki a kanta, ba linzami ba hotuna, sai baƙin allo da rubutu. Duk wanda zai shigo, ni nake buɗe masa asusu.

Da useradd na fara, wato umarnin buɗe asusu, kuma na sha haushi. Ka ba shi suna ya yi gum, ko uffan. Sai mai asusun ya zo shiga ya tarar ba kalmar sirri, ba foldar gida, don ban sa -m mai gina ta ba. Iya abin da ka ce masa yake yi, ba ƙari.

Shi kuwa adduser ɗan albarka ne. Da Perl aka rubuta shi, kuma useradd ɗin yake kira ta ƙarƙashi, sai dai yana da baki. Zai nemi kalmar sirri sau biyu, ya tambayi cikakken suna, har da lambar ɗaki da wayar ofis, waɗanda ban taɓa ganin amfaninsu ba, Enter kawai nake bugawa in wuce. Ya gina foldar gida, ya kwaso fayilolin farawa da ke foldar /etc/skel ya zuba, ya ba mutum lambarsa daga 1000 zuwa sama, ya yi masa rukuni mai sunansa.

Inda na ji jiki shi ne usermod, umarnin gyara asusu. Wata rana da dare na so saka kaina a rukunin docker, na rubuta -G na manta da -a. Ashe -G shi kaɗai ba ƙari yake yi ba, share tsofaffin rukunanka yake ya bar maka sabon. Ya cire ni daga sudo, rukunin masu iko, bai ce mini kanzil ba. Ban ma farga ba sai washegari, domin sauyin rukuni ba ya kama mutum sai ya fita ya sake shiga. Na buga id don duba rukunaina, na ga sunana da docker tsura, gabana ya faɗi. Abokin aikina ne ya mayar da ni. Laifina ne, na yarda, amma umarnin da zai iya rufe maka ƙofar gidanka ai ya kamata ya yi ko da gyaran murya.

Yanzu gpasswd -a nake sa mutum a rukuni da shi, in cire shi da -d, rukuni ɗaya yake taɓawa. Mai Fedora, wani nau'in Linux ɗin, kada ya ruɗu da yabona: a can adduser wani suna ne kawai na useradd, rukunin masu iko kuma wheel ne.