Sabon ado ga kundin rayuwata: abin da na gani bayan wata guda

Shekara huɗu ke nan ina rubuta abin da ya wakana gare ni kullum bayan sallar isha'i, ina ajiyewa a intanet don ko waya ta ɓace rubutun yana nan. Daga ni sai 'ya'yana biyu da ke nesa muke buɗe shi. Fari ne fat, babu ado, har ido ya gaji da shi. Shi ya sa na kai wa wani matashi mai zane da kwamfuta a unguwar Mabera, nan Sakkwato, ya sake masa kama. Yau wata guda da karɓar aikin.

Yaron yana da ladabi, yana kuma saurare. Da ya tambaye ni launin da nake so, sai na miƙa masa jakar fatar da ke hannuna, irin wadda dukawanmu ke ɗinkawa da fatar jar akuyar Sakkwato. Ya ɗauki hotonta, ya tsamo jan nan mai duhu ya sa a bango, ya bi gefe da siririn zane baƙi da ɗorawa kamar na bakin jakar. Ban taɓa zaton kwamfuta za ta kama launin fata haka ba. Har yanzu in na buɗe sai na ɗan tsaya ina kallo.

Matsalar ta taso ne wajen haruffa. Ya zaɓo wani salon rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar na katin biki, ya ce, "Inna, wanga shi ka tashe yanzu." A kwamfutarsa da Turanci ya gwada, ya yi kyau. Da na koma gida na buɗe ranar da ɗiyata ta haihu, sai na tarar da wani ɗan akwati a gurbin harafin farko na "ɗiyata". Na duba ƙasa, duk inda ƙ, ɗ ko ɓ suka faɗo, ko dai akwati ne, ko harafin ya fito da wata sura dabam, ya yi tsaye a tsakiyar kalma kamar baƙo. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ranar nan na rubuta ta ne da hawayen farin ciki.

Washegari na koma. Shawararsa ta farko ita ce in riƙa rubuta k, d da b kawai, tunda kowa haka yake yi a waya. Na ce masa, "Ɗana, ƙasa dabam, kasa dabam. Ɓata ba bata ba ce. Shekara da shekaru ina gyara wa ɗalibai wannan a allo, ba zan yar da shi a kundina ba." Waɗannan haruffa masu ƙugiya suna cikin rubutun bokonmu tun shekarun 1930. Kuma garin da Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da ajami bai kamata a raina harafi a cikinsa ba.

Abin da ya burge ni, bai yi gardama ba. Ya zauna ya bincika, ya bayyana mini cewa ba kowane salon rubutu ne aka zana wa haruffanmu ba, in babu su sai waya ta nuna akwati ko ta aro daga wani salon. Ya kawo biyu da ke da su cif: Noto Sans na Google, wanda aka yi shi musamman don kawar da akwatunan nan a harsunan duniya, da Andika na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, wanda aka tsara domin masu koyon karatu. Na zaɓi Andika saboda haruffansa a buɗe suke, ƙugiyar ƙ tana fita sarai ko ban sa tabarau ba. Ya kuma kunna mini Hausa a Gboard, manhajar buga rubutu ta waya, yanzu ba na wahalar neman haruffan.

Gyara na biyu shi ne baƙin shafi da farin rubutu da ya sa. Da dare a ɗaki yana da daɗin ido. Amma wanda ya san ranar Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ya san in ka fito tsakar gida da hantsi fuskarka kawai za ka gani a gilashin waya. Muka mayar da shi launin takarda mai ɗan duhu da baƙin rubutu. Hotunan bango ma ya rage musu nauyi, don da farko suna cin data kuma suna daɗewa kafin su buɗe.

Kuɗin aikin ba su yi mini yawa ba, kuma gyaran biyu bai karɓi ko sisi a kansu ba. Zan sake kai masa aiki. Wanda zai je, ya fara ba shi jimla mai ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ, manya da ƙanana, ya gwada a wayarsa, a waje cikin rana, kafin ya biya.