Kafin ka taya sa a kara, duba kafaɗarsa

A kasuwar Soro ko Mararrabar Liman Katagum da ke jihar Bauchi, tozo dillali zai fara dafa maka. Mahauta na son tozo, gaskiya ne, amma ba shi ke ɗauke da sa ba. Sauke idonka kan allon kafaɗa. Fiye da rabin nauyin sa a ƙafafun gaba yake, kuma babu ƙashin da ya haɗa allon da gangar jiki, tsoka da jijiya ke riƙe da shi. Kwanciyar allon nan ce ke nuna yadda sa zai yi tafiya idan ya ƙara nauyi.

Wanda allonsa ya kishingiɗa baya, kamar digiri 45 zuwa 60, takunsa dogo ne, kansa a ɗage. Shi nake ba da shawara, ko da ya fi tsada.

Mai miƙaƙƙiyar kafaɗa shi ne tarkon. A tsaye ba ka ganin aibinsa, sau da yawa ma ya fi araha. Ce wa yaron dillali ya ja shi a kan rairayi, ka bi sawun. Sa mai lafiyar gaɓɓai yana ajiye kofaton baya a sawun na gaba. Wannan kuwa takunsa gajere ne, yana sunkuyar da kai, bakin kofatonsa ya cinye ba daidai ba. Ka ɗura masa dusa da harawa wata uku, nauyin a gwiwa zai sauka, ɗingishi ya biyo, ya riƙa kwanciya yana barin abinci. In yanka za ka yi a makon nan, ba komai, ɗauki abinka.

Sai mai jibgegiyar kafaɗa da ta bulluƙo gefe. Mai turka don Babbar Sallah zai iya saye. Mai neman bijimin barbara ya yi hattara, domin 'ya'yansa kan gaji faɗin, su wahalar da karsana wajen haihuwa.

Ta fuskar iri, Bokolo ya fi cika da nama a turke, Bunaji yana jure yawon kiwo, Rahaji dogo ne mai ƙashi, yana cin lokaci kafin ya ciko. Kowanne cikinsu akwai mai kafaɗa mai kyau da marar kyau, don haka kada sunan iri ya hana ka sa a ja shi. In dillali ya ce "Alhaji, ai ba sai an wahalar da shi ba," matsa gaba ka taya wani.