Sikirin ɗin da za ka saya shi ne zai yanke wa batirinka hukunci

Bara wayata ta faɗi a kan tayil, gilashin ya tsage. Mai gyara ya ɗora mini sikirin mai araha, ya ce, "Alhaji, wallahi duk ɗaya ne." Kwana uku na gane ba ɗaya ba ne. Wayar da ke kai ni isha sai ta fara mutuwa kafin la'asar, tana cikin aljihu tana ɗumi.

A ƙarƙashin gilashin akwai wata 'yar na'ura da ke laluben yatsanka, sau 120 ko 240 a daƙiƙa ɗaya, wasu wayoyin wasa har 480. Duk taɓawar da ta ji, sai ta zaburar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar wayar. Sikirin na kirki yana sassauta laluben idan ka ajiye wayar. Na jabu kuwa yakan riƙa taɓa kansa, wayar ta yi ta farkawa ba wanda ya kira ta.

Ni dai zaɓina orijina ne, ko da wanda aka ciro daga wata wayar ce, da 'yar ƙujewa a gefe. An yi shi ne daidai da wayar, kuma idan OLED ne, wato sikirin da kowane ɗigonsa ke ba da haskensa da kansa, wurin da yake baƙi a kashe yake, ba ya shan caji. Gara tsadarsa da sayen sabon batir da ba zai magance komai ba. OLED kwafi sai sa'a. Wanda suke kira "incell", LCD ne, wato sikirin da fitila ke haska shi daga baya, kuma fitilar ba ta mutuwa muddin sikirin na kunne. Kar ka bari a ɗora shi a wayar da ta zo da OLED.

Kwali ba shaida ba ne, har tambarin kamfani ana bugawa. Kafin a sa gam, buɗe baƙin hoto ka yi wa sikirin inuwa da tafin hannu: in ka ga haske toka-toka, LCD aka ba ka da sunan OLED. Buɗe manhajar zane ka ajiye wayar minti biyu, ka ga ko ɗigo zai fito da kansa. Sake gwadawa a caji, amma da caja mai kyau, don jabun caja ma na jawo wannan. Daga iPhone 11 zuwa sama, saitin wayar kan nuna idan sikirin ba na kamfani ba ne, sai dai wasu masu gyara na dasa cif ɗin tsohon sikirin, wato 'yar na'urar da ke jikinsa, a kan sabon don ɓoye saƙon. Wanda ya hana ka gwadawa, karɓi wayarka ka tafi.