Shagon da na sayi kwamfuta a Zengo, da abin da na gani bayan wata huɗu

Ƴan uwa masu ta tambayata a WhatsApp ina na sayi sabuwar na'urata, to ga amsa sau ɗaya. Sunan shagon ba zan sa ba, kar a ce talla nake, amma yana cikin Zengo a Damagaram, ba nisa da kasuwar Dole, ɗan ƙaramin ɗaki ne mai fanka ɗaya da tarin cajoji rataye a bango kamar igiyoyin ɗaure awaki.

Ni aikina buga takardu ne, yawanci memuwar na ɗaliban jami'ar André Salifou. Da ina da kwamfutar tebur okaziyo, na yi shekaru ina cin abinci da ita, rannan cikin bazara kuran ya tafi ya dawo da ƙarfi sai na ji tas, ɗaki ya ɗau warin roba, kuma a lokacin shafi arba'in na wata yarinya ne a buɗe ban adana ba. Wallahi har yau in na tuna fuskarta sai cikina ya juya.

Na shiga shagon da niyyar sayen wata ta tebur ɗin, don ta fi araha kuma allonta babba ne. Mai shagon, wani dattijo mai tabarau, bai ma nuna min kaya ba, cewa ya yi, "Malam, a unguwarku kuran yana zama?" Na yi dariya na ce Alhaji kai ma ɗan Damagaram ne, ka san amsa. Ya ce to kawo tsohuwar mu gani tukun. Na ɗauko ta a kabu-kabu, ya kwance ya ciro alim ɗin, wato akwatin ƙarfen nan na baya da ke karɓar kuran mai volt 220 ya mai da shi volt 12 da 5 da 3.3 ya raba wa kayan ciki. Ya ɗora min a hannu, ba ta da nauyi ko kaɗan kamar gwangwanin madara, ga 500W an rubuta ɓaro-ɓaro ba sunan kamfani. Ya miƙo wata ta 400W ya ce ɗaga wannan, sai na ji nauyi sosai. Ya ce rubutu kowa ya iya, abin da ke ciki shi ne magana, ita maras nauyin in za ta mutu ba ta tafiya ita kaɗai, sai ta ja uwar allo, wato babban faifen ciki da duk kayan kwamfutar ke jone a kai. Tawa kuwa haka ta yi.

Ya nuna min abu biyu da ban taɓa lura ba. Tambarin 80 Plus, ma'anarsa aƙalla kashi 80 na wutar da ta sha yana zama aiki, saura zafi, amma ba shi ke tare kuran mai hauka ba, wannan aikin ondilar ne, akwati mai batir da ke riƙe wuta in kuran ya tafi, da regilatar mai daidaita ƙarfin kuran. Sai wani ɗan jan maɓalli a bayan wasu tsofaffin alim mai 115 da 230, kayan da suka fito daga Amurka sau da yawa a kan 115 suke zuwa, ka jona a namu ba ka duba ba shikenan ka yi asara tun ranar farko.

Da muka yi lissafi, ta tebur da allo da alim ta kirki da ondilar mai 650VA wanda ɗan mintoci kawai zai ba ka ka adana ka kashe, kuɗin ya zo dab da na kwamfutar cinya mai kyau. Ita kuwa batir ɗinta shi ne ondilar ɗinta, cajarta ma an rubuta 100 zuwa 240. A nan na sauka daga ra'ayina. Na ɗauki Lenovo ThinkPad T480 okaziyo, ƙirar 2018, injinta Core i5 zubi na 8, RAM giga 8 da ma'ajiyar SSD. Batir biyu gare ta, ɗaya ciki ɗaya ana cirewa, kuma tana ɗaukar Windows 11, abin da ya dame ni kenan tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Akwai wasu masu araha a gefe, zubi na 6 da na 7, shi da kansa ya ce min ba sa cikin jerin da Windows 11 ta yarda da su.

Yanzu inda ban ji daɗi ba. Kayansa ta Kano suke shigowa, don haka kilabiye ɗin, wato madannan rubutu, QWERTY ne irin na turanci, ni kuma yatsuna sun saba da AZERTY na faransanci kuma rabin aikina faransanci ne mai é da ç, sati biyu ina buga q a wurin a kamar ɗan koyo, ƙarshe sai da na sayi kilabiye na waje na jona. Kan cajar ma mai ƙafa uku ne irin na Nijeriya, bai gaya min ba sai da na isa gida na tsaya ina kallon bango. Batir ɗin waje kuma ya gaji, bai kai abin da ya faɗa ba, na koma ya canza ba gardama amma sai da na yi sawu uku. Garanti wata ɗaya ne kuma da baki, sai da na matsa ya rubuta a bayan rasit. Ciniki kuwa kar ku sa rai, da ƙyar ya sauke jaka biyar, yana ta ce min sefa da naira ne ke wasa da shi.

Ƙanena mai haɗa bidiyon biki shi ta tebur Alhajin ya ba shi shawara, don aikinsa na son babban katin da ke sarrafa hoto da bidiyo a cikin kwamfuta kuma ta fi sauƙin buɗewa a hure ƙurar hunturu, ga shi yana da sola a gida. Ni dai jiya da la'asar kuran ya tafi ina tsakiyar babi na uku na wani yaro, fanka ta tsaya, zufa ta fara, na ci gaba da bugawa har na kai ƙarshen babin.