Tari da majina a garke: wace allura ce ta cancanci kuɗinka?

Da hunturu ya kama, ko an sauke shanu daga mota bayan cin kasuwar Illela ko Achida, sai tari da majina su ɓulla. Kafin a nufi shagon magani, a san da wa ake faɗa.

Bairos, ƙwayar cutar da ke yawan fara wannan tari, ba ta da kayan hayayyafa na kanta. Sai ta maƙale a wata ƙofa da ke jikin ƙwayoyin halittar hanci da huhu, ta shiga, ta sa su buga mata 'ya'ya. Ƙwayoyin gadon saniyar ne ke ƙera ƙofar. Bairos ɗin BVD, mai sa shanu zawo da tari, misali, ta ƙofar da ake kira CD46 take shiga, kuma a 2023 masu bincike a Amurka suka sanar da wata maraƙa da aka gyara wa wannan ƙofa har cutar ta rage kama ta. Wannan bai zo kara ba tukuna, kada dillali ya ce maka bajiminsa tari ba ya kama shi.

Tunda bairos ba bakteriya ba ce, maganin allura na oksitetrasaikilin ba ya taɓa ta. Amfaninsa kashe bakteriyar da ke biyo baya idan bairos ta raunata huhu. A saye shi idan zafin jiki ya kai digiri 40, majina ta yi kauri, numfashi ya yi nauyi. Mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari, mil 1 ake yi wa kowane kilo 10, can cikin tsoka, a raba wuri biyu ga babban sa. Rabin awo asarar kuɗi ce, kuma yana koya wa bakteriya taurin kai.

Dekzametazon, maganin rage kumburi, shi ne aka fi jin tsoro. Dabba takan ware kwana ɗaya ko biyu, amma yana danne garkuwar jiki. Bairos ɗin IBR kuwa, mai kama hanci da maƙogwaron shanu, ba ta barin saniyar da ta taɓa kamawa, tana kwance a jijiyar kai, wannan allura na iya tashin ta ta bi garke. Sai da izinin likita.

Rigakafin bairos na kamfanonin waje iri biyu ne. Mai rai yana kamawa da sauri, amma yana iya sa ɓari ga mai cikin da ba a taɓa yi mata ba, kuma da an haɗa shi da ruwansa sai a ƙarar cikin awa guda. Matacce ya fi aminci ga masu ciki, sai dai sau biyu ake yi, tsakani mako 3 zuwa 4. Duka biyun suna son sanyin digiri 2 zuwa 8. A zafin Sakkwato, kwalbar da ba daga firji mai aiki ta fito ba, a bar wa mai shago kayansa.

Ciwon huhu da makiyaya suka sani daban yake: bakteriya ce, penisilin ba ya cin ta, kuma rigakafinsa na cibiyar Vom ta jihar Filato kowace shekara ake yi. Idan kuɗin bai kai duka ba, da shi za a fara. Sabon saye kuma a ɗaure shi gefe mako 3 zuwa 4, da kwamin ruwansa daban, in tari ya ƙi lafawa a tuntuɓi asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.