Katin da ake biyan bashinsa kaf a ƙarshen wata: abin da na gani da shi

Sana'ata sayar da farantan sola da batura a nan Damagaram, kuma yawancin kayan daga Dubai da Guangzhou nake ɗauko su. Abokan sana'a sun sha tambayata game da katin da nake biyan otal da tikitin jirgi da shi, da yawa suna ɗauka katin bashi ne irin wanda aka saba ji. Ba shi ba ne. Bambancin da ke tsakaninsu kuwa shi ya sa har yau nake riƙe da nawa duk da tsadarsa.

Katin da yawancinmu ke da shi a nan, mai tambarin Visa ko na GIM-UEMOA (haɗakar bankunan ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma), abin da ke cikin asusunka kawai yake ba ka. Katin bashi na gama-gari shi kuma banki ne ke yanka maka iyaka, ka kashe, in wata ya ƙare ka biya ɗan abin da ya sauƙaƙa, ragowar ta tsallaka wata na gaba da kuɗin ruwa a kanta. Nawa daban yake. Ina kashewa cikin wata, ranar da aka tsayar a cire komai daga asusuna, ko dala ba a bari. Babu ruwa domin babu ragowar da ruwan zai hau, sai dai kuɗin shekara mai nauyi. Kusan irin yadda muke karɓar kaya a hannun manyan ƴan kasuwar Kano ne bisa amana, a ajiye rana, ranar ta zo a kai kuɗi cif. Na same shi ne ta asusun da na buɗe tun ina aiki a Faransa.

Wannan tsari ma shi ya riga katin bashi zuwa duniya. Diners Club ta fara shi a New York a 1950 don biyan kuɗin abinci a gidajen cin abinci, American Express ta fito da nata a 1958, a shekarar da Bank of America ya ƙaddamar da BankAmericard, wanda daga baya ya zama Visa, mai barin bashi ya tsallaka wata. American Express ce ta yi ta hawa da nata zuwa na masu hannu da shuni: Gold a 1966, Platinum a 1984, sai baƙin nan Centurion a 1999, wanda sai an gayyace ka. A 2021 kuɗin shekara na Platinum a Amurka ya kai dalar Amurka 695, wato wajen jika 400 a kuɗinmu, kuma an ƙara bayan nan.

Me mutum ke samu da irin wannan kuɗi? Abin da aka fi tallatawa shi ne ɗakin hutun filin jirgi, kuma ba zan raina shi ba. Wanda ya taso daga nan a mota, ya bi ta Matamaye ya ƙetare iyaka zuwa Kano, ya hau jirgi ya sauka Addis Ababa yana jiran na gaba cikin dare, ya san darajar kujera mai laushi da shayi mai zafi da wurin da zai sa wayarsa caji ba tare da tsaye a kanta ba. A can nake zama in sake duba lissafin kaya a natse kafin in isa. Akwai inshorar tafiya, wadda ta biya mini kuɗin tufafi da sabulu lokacin da jakata ta makara, bayan na aika musu rasit da takardar kamfanin jirgi. Akwai kuma maki da ke taruwa gwargwadon abin da ka kashe, a rage maka kuɗin tikiti da su. Duk suna da amfani, amma ga mai yawan tafiya kaɗai. Wanda fitarsa ɗaya ce a shekara, Umra ko asibiti, ba zai ci rabin kuɗin da ya biya ba.

Ni dai abin da ya riƙe ni shi ne ranar biya. Na ga abin da katin bashi ya yi wa wani abokina da muka zauna tare a Faransa, mutum mai ƙoƙari, wanda ya shekara yana biyan mafi ƙarancin abin da ake nema kowane wata, uwar kuɗin tana nan daram. Lissafin ba ɓoyayye ba ne. A Amurka ruwan katin bashi ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Bashin miliyan ɗaya na sefa a kan kashi 20 yana haifar da jika 16 da ɗoriya kowane wata, kafin ka taɓa ainihin bashin. Katina bai ba ni wannan ƙofa ba sam. Kafin in miƙa shi a ko'ina sai na tambayi kaina ko kuɗin za su kasance a asusu ranar cirewa. In amsar babu ce, sai in haƙura da sayen.

Sai maganar addini, wadda ba na wasa da ita. Da kawuna ya ji labarin katin, cewa ya yi: "Kai yaro, ka tabbata ba riba kake ci da sunan zamani ba?" Na ce: "Kawu, ba a ɗora mini ko dala a kan abin da na kashe." Ya ce in je in tambayi masu ilmi, kuma na je. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yi zama a kan wannan a Riyad a shekarar 2000. Ta ce katin da aka sharɗanta ruwa a kansa bai halatta ba, ko da mai shi ya yi niyyar biya kafin ruwan ya hau. Wanda babu wannan sharaɗi ya halatta, kuma ana iya karɓar tsayayyen kuɗi na bayarwa ko sabuntawa a matsayin ladan hidima. Inda ya kamata kowa ya buɗe ido shi ne tarar jinkiri, domin wasu kamfanonin suna rubuta ta cikin yarjejeniya. A karanta takardar da kyau, a kai wa malami ya duba.

Inda katin ke gaza mini ma ba kaɗan ba ne. A Kasuwar Dole ko cikin Birni ba shi da aiki. Nan kuɗi hannu ne, ko a aika ta Nita ko Amana. A Deira ma, unguwar kasuwanni ta Dubai, masu sayar da sari da yawa sun fi son dirhami a hannu. Wani mai batura da na miƙa wa katin ya juya shi ya duba, ya jawo kalkuleta ya nuna mini abin da zai ƙara a kan farashi in har da kati zan biya, domin shi ma ana yankar wani kaso a cinikinsa, kuma na manyan katunan nan ya fi yawa. A Guangzhou kuwa biya ta waya da Alipay da WeChat ne ke mulki. Ga kuɗin canji da ake cirewa duk sa'ad da ka saya da kuɗin da ba yuro ba. Sauƙin da nake samu guda ne: sefa a ɗaure take da yuro, kowane yuro ɗaya kusan sefa 656, don haka tun daga shago na san adadin da zan tanada.

Batun "babu iyakar kashewa" da ake yawan faɗa kuma, a fahimce shi daidai. Ba a rubuta maka iyaka ba ne kawai, amma suna duba yadda ka saba kashewa da biya. Babban ciniki na ba-zata ana iya tsayar da shi, shi ya sa nake sanar da su kafin in tashi.

Lokacin da na fi jin nauyinsa shi ne zamanin takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar, daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024. Iyaka a rufe, kuɗi na wahalar fita daga banki, aikawa waje ta zama aiki, ranar cirewa kuwa ba ta san da wannan ba. Dole na ajiye katin na daina taɓa shi har al'amura suka daidaita, alhali kuɗin shekarar na riga na biya. Duk mai niyyar karɓarsa daga nan Nijar ya sa wannan a lissafi, ya ajiye aƙalla kuɗin wata guda a asusun da ake cirewa.

Na sabunta nawa bana, amma na sauko zuwa mataki na tsakiya, mai rangwamen kuɗin shekara, tunda inshora da ranar biya su na fi buƙata. Ƴan'uwa mata masu sarin gwal a Dubai kuma su lura: wancan hukunci na Riyad ya hana sayen zinariya da azurfa da canjin kuɗi da katin da babu kuɗinsa a ƙasa, ko da irin nawa ne.