Kabad ɗin da kafintan bakin tashar Ringim ya haɗa mana

Lokacin auren 'yata na fara kai aikin kabad wani shago, aka haɗa shi da ƙusa da gam kawai. Damina ɗaya, gefe ya buɗe baki. Sai maƙwabciyata ta nuna mini wannan kafinta na bakin tasha.

Ya ɗauko guntun allon melamin, wato allon katako da aka rufe fuskarsa da wani abu mai sheƙi kamar roba, ya shafa farin gam a fuskarsa mai santsi, da ya bushe ya ɓare shi da farce kamar ɓawon albasa. Ya ce, "Hajiya, wannan fuskar ba ta shan gam." Shi ya sa yake huda ramuka, ya cika su da gam, ya sa 'yan turakun katako, sannan ya ɗaure da sukuru masu kauri. Kuma sai ya fara huda ƙaramin rami kafin sukurun, don kada allon ya tsage. Duk bakin da aka yanka sai ya liƙe shi da tef, domin ta nan ruwa ke shiga ya kumbura allon.

Ya jinkirta mini kwana 5, raina ya ɓaci, gaskiya. Amma kabad ɗin yana ɗauke da tukwanen 'yata har yau, ko motsi ba ya yi.